Riƙon Linzami a Hanyar Gonar Wake

Dokin ba ni na saye shi ba, na yayana ne. Da gwiwoyinsa suka daina yarda da hawa, sai ya sa aka jawo mini shi har ƙofar gida, da saƙon cewa tunda na yi ritaya daga koyarwa, ai yanzu ba ni da uzurin ƙin yankan ciyawa. Kuru ne, irin gajerun dawakin nan da idan dogon mutum ya hau sai ya riƙa ɗage ƙafa don kada ya share raɓa. Ja ne mai farin goshi, ga tumbi kamar randa. Ya tsufa, ba ya harbi, ba ya cizo, kuma ba ya yin abin da bai ga amfaninsa ba.

Hali guda ya ɗauko daga wurin yayana. Shi yayan nawa ba ya wuce mutum a hanya bai tsaya sun gaisa ba, gaisuwa kuma ta gaske, har da tambayar lafiyar awaki. Dokin ya haddace wannan. Da ya hango mutum tafe sai ya tsaya da kansa, ba zai ɗaga ƙafa ba sai ya ji an kai ga "a gaida gida". A wajenmu kuwa, can gefen Ɗanbatta, gona jikin gona take, gida yana hangen gida, ba ka yin nisa ba ka haɗu da wani ba. Tafiyar da mai ƙafa zai gama kafin shayi ya huce, mu sai ta cinye mana hantsi.

Wata damina, ɗana da ke zaune a Bacirawa, can cikin birni, ya kawo mana 'ya'yansa biyu su yi dogon hutu. Namijin ne babba, bai daɗe da fara famfara ba, macen kuma tana bin sa. Ko jaka ba a gama shigarwa ba yaron ya je ya tsaya gaban turke, ya riƙe ƙugu.

"Kaka, gudunsa ya kai na babur?"

"Idan ya ji ƙarar kwanon dusa, har ya fi," na ce masa.

Ita yarinyar daga nesa ta tsaya, ta daɗe tana kallon linzamin da ke rataye a bango. Da na gaya mata a bakin doki ake sa ƙarfen, sai ta tambaye ni ko an tambaye shi ya yarda.

Tun a ranar suka fara naci sai sun hau. Matata, wadda yaran ke kira Inna, ta bari sai da suka fita sannan ta ce, "Malam, 'ya'yan mutane ne fa. Yadda aka kawo su da haƙoransu, haka za a mayar da su." Na ce mata wanda ya shekara da shekaru yana koya wa 'yan aji uku lissafi, riƙon igiya biyu ba zai gagare shi ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Na yi shiri irin na mai hankali. Linzaminmu na gida yana da zafi a baki, hannun da bai iya ba zai iya yi wa dabba rauni da shi, don haka ran kasuwa na sa maƙeri ya yi mini wani mai santsi. Baduku ya rage tsawon igiyar likkafa, ya yanka mini siririn kamazuru, wato igiyar fatar da mahayi ke riƙewa, daidai tafin yaro. Mu manya da hannu ɗaya muke riƙo, amma na ce su za su fara da biyu. Abin da nake so su gane ba shi da yawa. Igiyar dama da ta hagu su zama tsawo ɗaya, nauyi ɗaya. Ka ji bakin doki a yatsunka, shi ma ya san kana nan. Kada ka ja, kada ka saki. Na zaunar da su a kan tabarma na yi bayanin nan har da zane a ƙasa, suka gyaɗa kai kamar yadda ɗalibai ke yi idan suna jiran a tashi.

Yaron na fara ɗorawa, a filin ƙofar gida. Yana zama ya kama kamazuru kamar kan babur, ya fara murɗa hannun dama yana ba da wuta, yana yin ƙarar inji da baki. Duk murɗawa ɗaya, igiyar dama ta ƙara gajarta. Dokin ya karkata kai dama, jiki ya bi kai, suka shiga zagaye turke. Ina cewa ya sassauta dama, yana ƙara wuta. Sai da jiri ya fara ɗibarsa ya ce, "Kaka, sitiyarinsa ya lalace."

Yarinyar ba ta ja komai ba. Ina ɗaga hannuna daga kan nata, sai ta buɗe yatsu ta saki igiyar a wuyan doki.

"Riƙe mana," na ce.

"Zai ji zafi."

"Ba zai ji ba, ai shi ya sa aka yi mai santsi."

"Kai ka taɓa sawa a bakinka?"

Kafin in nemo amsa, dokin ya gane an ba shi hutu. Ya sunkuyar da kai cikin ciyawa, ita kuma ta fara zamewa a hankali ta bi wuyansa, sai da na cafko bayan rigarta.

Bayan 'yan kwanaki na ce wataƙila faɗin filin ne ke ruɗa su, bari mu shiga hanya, inda doki ba shi da zaɓi sai ya miƙe. Akwai 'yar siririyar hanya da ta tashi daga bayan gidanmu ta nufi rijiya. A hagu gyaɗata ce, a dama kuma waken maƙwabcina. Dattijo ne sa'ana, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Gidansu a da addinin kakanni suke bi, yanzu coci suke zuwa ran Lahadi, kuma tun iyayenmu iyakar gonakin nan ba ta taɓa jawo magana ba. Mutum ne mai magana a hankali, kamar yana auna kowace kalma da mudu.

Yaron ya ba da wuta, doki ya faɗa cikin wake. Aka fito, aka ɗora yarinya, ta saki igiya, doki ya duba hagu ya duba dama, ya zaɓi wake. Haka muka yi ta yi kusan mako. Wata safiya muka tarar da dattijon a bakin gonar, ya jingina da fartanya. Dokin ya tsaya gaisuwa kamar kullum, sai dai ya miƙa wuya ya ci gaba da yagar ganye muna cikin tambayar kwanan iyali.

Da muka gama, dattijon ya ce, "Malam, na lura ɗaliban naka biyu ne, kowa da irin karatunsa. Amma duk a gonata ake tashi daga makaranta."

Kunya ta kama ni, na shiga ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce shi ganyen bai dame shi ba, wake ne, zai sake tohowa. Roƙonsa ɗaya, tunda a nan ake ci, a daure a riƙa barin takin a nan, don ya lura shi a gefen gyaɗa ake saukewa.

A hanyar komawa maganar yarinyar ta dawo mini, ko na taɓa sawa a bakina. Na ce to, abin da yaran nan ba su sani ba shi ne yadda ja yake a wancan ƙarshen igiyar. Da yamma na yanko reshen darbejiya mai kaurin yatsa, na fere shi, na ɗaura igiya a kowane gefe, na kira su tsakar gida.

"Yau ni ne doki," na ce. "Duk abin da hannunku ya ce, shi zan yi, ba ƙari ba ragi."

Na ciji itacen, na ɗan duƙa, yarinya ta tsaya a bayana da igiya. Muna fara tafiya ta saki. Ni kuwa na yi abin da doki ke yi, na nufi faifan dafaffiyar gyaɗar da Inna ta ajiye a kan turmi, na cire itacen na fara ci. Ta yi dariya har da zama a ƙasa, amma ban ga alamar darasin ya shiga ba. Cewa ta yi in ƙara, dokin nan yana jin yunwa.

Sai yaron ya karɓa. A nan na san abin da kurun yake sha. Wuyana ya karkace dama, na zagaye turmi, na zagaye murhu, na kusa shiga akurkin kaji. Ina so in ce ya sassauta, amma da itace a baki abin da ke fita gurnani ne, shi kuma ya ɗauka haniniya nake yi don in ƙara wa wasan armashi.

Muna cikin haka aka yi sallama. Matan da suke Islamiyya tare da Inna ne, su wajen biyar, sun biyo mata za su barkar haihuwa. Suka shigo suka same ni a duƙe, hula ta karkace, itace a baki, yawu yana bin gemu, jika yana tuƙa ni. Na yi niyyar miƙewa in wuce ɗaki da sauran mutuncina. Shi kuwa yaron ya ga dokinsa zai gudu, sai ya tattara ƙarfinsa ya fizgi igiyar dama.

Akwai wani turmin haƙori da ya daɗe yana girgiɗi a wannan gefen, ina ta ɗaga ranar zuwa asibiti. Ya fito tare da itacen.

Ɗaya daga cikin matan tsohuwar ɗalibata ce, na koyar da ita tun tana 'yar mitsitsiya. Ta durƙusa ta ce, "Malam, ina wuni," idonta a ƙasa, kafaɗunta suna rawa. Na amsa da hannu a kunci. Inna ta fito da mayafinta, ta dubi haƙorin a ƙasa, ta dube ni, ta ce wa yarinyar ta kawo wa kakanta ruwan ɗumi da gishiri. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Laifina ne, Malam. Haƙoran yara kawai na ambata."

Yaron ya tsorata ƙwarai. Ya wuni washegari yana bi na da kallo, har ya kawo mini nasa haƙorin da ya faɗi ya adana a kwalin ashana, wai ko zai yi mini. Na ɗauka an wuce wurin. Amma da ya koma kan sirdi, hannun daman nan ya koma halinsa. Ba taurin kai ba ne, shi kansa bai san yana yi ba. Na ɗaura jan zare a kan igiyoyin biyu, wuri ɗaya daidai, na ce kowane hannu ya zauna a kan zarensa. Ya kan fara lafiya, sai hankalinsa ya tafi kan wani tsuntsu, in duba in ga zaren dama ya kai gwiwar hannu.

Abin da na kasa, rina ce ta yi shi. Ya je leƙen gidanta a ƙarƙashin rumbu da tsinke, ta harbe shi a bayan hannun dama. Kafin azahar hannun ya kumbura ya yi sumul kamar fanke. Inna ta jiƙa toka ta shafa masa, ta ce ba hawa sai ya warke. Da la'asar ya lallaɓo ya same ni a gindin turke, ya ce ai ba da hannu ake zama a sirdi ba. Na duba ƙofar gida, na ɗora shi.

Yatsun daman ba su iya damƙa ba, sai dai su ɗan rungumi igiyar. Na hagu kuwa dama can ba su saba ja ba. Karon farko hannayen biyu suka zo daidai. Muka shiga hanyar rijiya, ina tafe a gefe ina jiran a faɗa wake. Dokin ya ɗaga kunnuwa, ya miƙe sak. Muka wuce gonar tun daga farkonta har ƙarshe. Yaron bai yi ƙarar inji ba. Can sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kaka, ina jin bakinsa yana motsi. Kamar yana tauna wani abu."

"To haka ake so. Shi ma yana jin ka."

"Da can ba ya ji na?"

"Da can ihu kake yi masa."

Da kumburin ya saɓe, hannun ya so ya koma gidan jiya, amma yanzu ya san abin da yake nema. Idan na ga zaren ya fara tafiya, ba na dogon bayani, sai in ce "rina", hannun ya sauko.

Ita yarinyar tata hanyar daban ce. Tun zuwansu Inna ta yanka mata ɗan wuri a bayan gida, bai fi faɗin tabarma ba, ta ba ta irin masara ta shuka. Ba abin da take ji da shi kamar wannan gona. Ko an kwana ana ruwa sai ta kai mata nata a gwangwani. Masarar ta tashi kore shar, ta kai mata ƙugu.

Wata safiya ina jan su za mu fita, takalmina ya maƙale a taɓo daidai kusurwar gida. Na saki dokin na duƙa ina cirowa. Ita kuwa igiya tana wuyan doki kamar kullum. Ya yi taku kaɗan, ya sa baki. Ina ɗagowa na ji tana cewa, "Don Allah ka bari. Don Allah, wannan tawa ce." Yana ci, tana roƙo, tana zaune a bayansa, kamazuru yana lilo a gabanta ba ta ko dube shi ba. Kafin in iso da takalmi ɗaya a hannu ya gama da fiye da rabi.

Na sauke ta. Na zaci kuka za ta yi. Ta tsaya ta dubi guntayen karan, ta dubi dokin da ganye ke leƙowa ta gefen bakinsa, ta ce, "Ashe ba shi da kunya."

Washegari ita ta fara zuwa turke. Na ɗora ta, ta naɗe igiyoyin biyu a hannu, ta ja su har ƙirji, ta ɗaure fuska. Dokin bai taɓa jin haka daga gare ta ba. Ya yi abin da aka ce masa, ya fara tafiya da baya. Tana ƙara ja don ya tsaya, yana ƙara ja da baya, har ya dangana da dangar awaki ya zauna a kanta. Awaki suka watse cikin gida, ɗaya ta shiga ɗakin girki. Daga ciki na ji Inna tana tambayar ko yau kuma wane ne doki.

Daga nan aikin ya zama na rage wa wadda ta yi yawa, kuma wannan ya fi sauƙi. Kullum da safe ina tafe a gefenta, hannuna a kan nata, idan ta ja in buɗe yatsunta kaɗan, idan ta saki in rufe su. Bayana ya sha wuya a wannan duƙon, har yau idan hadari ya haɗu yana tuna mini. A hankali na fara ɗage hannuna ba ta sani ba. Ba ta daina yi masa magana ba. Na taɓa ji tana ce masa, "Na yafe maka, amma ba zan sake ka ba." Sauran masarar da ta tsira ta yi goyo biyu ƙanana, Inna ta gasa mata, ta ci ɗaya da rabi, ta kai masa ragowar.

Ranar da ubansu ya zo ɗaukar su, ruwa ya ɓata hanyarmu, dole ya bar motarsa a bakin kwalta ya tako. Yaran suka ce ba za su tafi da ƙafa ba, sai ya ga abin da suka iya. Ɗan nawa tun yana ƙarami ba ya shiri da dabbar da ta fi akuya girma. Da ya ga 'yarsa a kan sirdi ita kaɗai, sai ya miƙa wa yaron jakar da ke hannunsa, ya matso ya kama linzamin daf da bakin dokin, yana tafe a karkace.

"Baba, saki," in ji ta. "Kana ruɗa shi."

"Ina taimaka miki ne."

"Kana jan gefe ɗaya."

Bai saki ba sai da dokin ya ɗora kofato a kan takalminsa na zuwa ofis, ya kuma tsaya a nan yana nazari. Bayan mun ture shi, ɗan nawa ya koma baya ya karɓi jakarsa, ya bi mu yana ɗingishi. A gindin wata tsamiya aka yi canji, yaron ya hau ya ƙarasa da mu.

A bakin kwalta aka sha fama kafin a shiga mota. Yarinyar ta buɗe but ɗin motar ta auna shi da ido, ta auna dokin. Yaron ya shiga yi wa ubansa bayanin cewa idan aka cire tankin ruwan bayan gidansu, wurin zai isa a kafa turke. Uban ya dube ni, irin kallon da ban taɓa samu daga gare shi ba tun ranar da na kai shi makarantar kwana. Na ce su gaida uwarsu, na ja dokina muka juyo, yayyafi yana sauka.

Bayan kamar mako biyu surukata ta kira ni a waya. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi Inna, ta tambayi damina. Ta ce ba ƙara take kawowa ba, amma duk mayafanta an ɗaure su a jikin kujerun falo, bibbiyu, wai kujerun dawakai ne, kuma yaran maƙwabta sun cika gidan suna jiran layi. Ta ce ko zan yi musu magana. Na ce ta ba ni su. Ta kira, ta sake kira, ba wanda ya zo. Ta cikin wayar ina jiyo muryar yarinyar daga nesa, tana gaya wa wani yaro cewa hannunsa na hagu ya yi sama, ya sauka ya koma bayan layi.